An gwada jinin, amma gwajin kaɗai ya isa? Fashin baƙi kan ƙarin jini

A yawancin asibitocinmu, idan likita ya ce majinyaci na buƙatar ƙarin jini kuma aka kawo ledar, tambaya ɗaya dangi ke yi: "An gwada shi?" Da an ce musu e, sai hankali ya kwanta. Tambayar tana kan hanya, sai dai ana ɗora wa amsarta nauyin da ya fi ƙarfinta. Gwajin da ake yi a lab mataki ɗaya ne cikin matakan da leda ke bi daga hannun mai bayarwa zuwa jijiyar mai karɓa. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne, ɓarna ta fi shigowa ta wuraren da ido bai cika kai wa ba: wane ne ya ba da jinin, yaya aka ajiye shi, me ya faru a bakin gado lokacin da ake rataya shi, sannan ma tun farko ko akwai buƙatar a ƙara shi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce ana tara jini sau kimanin miliyan 118.5 a shekara, kuma kashi 40 cikin ɗari na wannan a ƙasashe masu arziki ne, waɗanda kashi 16 kawai na mutanen duniya ke zaune cikinsu. A can, cikin kowane mutum 1,000 ana samun gudummawar jini kusan 31. A ƙasashen da suka fi talauci, 5 ce. Masu karɓa ma sun bambanta. A ƙasashe masu arziki galibi tsofaffi ne da ake wa aikin zuciya ko maganin kansa. A ƙasashe matalauta, har kashi 54 cikin ɗari na jinin kan tafi ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Duk wanda ya san sashen yara na asibiti a Kano ko Maradi a tsakiyar damina ya san su: yaran da maleriya ta shanye wa jini, tafin hannu fari fat, numfashi sama-sama. Sai mata masu zubar jini bayan haihuwa, masu sikila, da waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Ƙarancin jinin shi ne uwar sauran matsalolin, domin inda ake neman leda ruwa a jallo da ƙarfe biyu na dare, nan ake tsallake matakai.

Wane ne ya bayar?

Masu ba da jini iri uku ne. Akwai mai zuwa da kansa, ba ya neman ko sisi, kuma yana dawowa lokaci-lokaci. Akwai dangi ko abokan da aka kira domin su maye gurbin ledar da aka ba ɗan uwansu. Sai mai sayarwa, wanda sau da yawa kan shigo lab a matsayin "ƙanen majinyaci" bayan an gama ciniki a bakin geti. Na farko ya fi aminci, kuma dalilin ba wai ya fi kowa kirki ba ne. Kafin a ɗebi jini ana yi wa mutum tambayoyi: ka taɓa shawara? An taɓa ƙara maka jini? Ka yi zazzaɓi kwanan nan? An yi maka tsaga ko ƙaho? Akwai wata sabuwar mu'amalar jima'i? Wanda ba ya jiran kuɗi ba shi da dalilin ɓoye gaskiya. Mai sayarwa kuwa ya haddace amsoshin da ke sa a karɓe shi. Ɗan uwa ma yana cikin tsaka mai wuya: yaya zai fito ya ce wa surukinsa an ƙi jininsa saboda wata tambaya da ya amsa?

Birtaniya ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, sama da mutum 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da ake haɗawa daga jini, kuma kimanin 3,000 sun mutu. Wani ɓangare na maganin masu cutar rashin daskarewar jini daga Amurka ake shigo da shi, inda ake biyan mutane, har da fursunoni, su ba da ruwan jini, a cakuɗa na dubban mutane wuri guda. Mutum ɗaya mai cuta ya isa ya gurɓata dukkan haɗin. Kwamitin binciken lamarin, ƙarƙashin Sir Brian Langstaff, ya fitar da rahotonsa a watan Mayun 2024, ya ce an iya kauce wa mafi yawan abin da ya faru. A Najeriya dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini, kuma a 2021 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Doka dai tana takarda. Muddin firjin asibiti babu komai, mai sayarwa ba zai rasa kasuwa ba.

Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai bayarwa ba ta da wuyar riƙewa. Shekara 18 zuwa 65, nauyi aƙalla kilo 50 idan za a ɗebi mililita 450. Ƙarfin jini, wato himogulobin, kada ya gaza giram 13 a namiji, 12 a mace. Namiji ya huta mako 12 kafin ya sake bayarwa, mace mako 16, domin kowace leda na tafiya da miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ƙarfe. Mai sayarwa da ke zagaya asibitoci duk mako biyu yana cutar kansa, sannan ledarsa tsararo ce: a ƙara wa yaro, a auna, a ga jinin bai hau yadda ake zato ba.

Akwai wani abu da mutane ke ɗauka alheri ne tsantsa: miji ya ba matarsa jini. Masana sun fi so a guje masa idan matar tana sauran haihuwa. Jikinta na iya haɗa garkuwa a kan wasu alamomi da ke jikin jajayen ƙwayoyin mijin, kuma jaririn da za ta ɗauki cikinsa gaba yana iya gadon alamomin daga uba. Sai garkuwar uwa ta ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jinin ɗan tayi, a haife shi da shawara mai tsanani ko ya mutu a ciki. Jinin uwa, uba ko ɗan uwa shaƙiƙi shi ma yana da nasa haɗarin, ko da ba kasafai ba: fararen ƙwayoyin mai bayarwa na iya zama a jikin mai karɓa su far masa, cutar da kusan ba a tsira daga gare ta. Inda ake da kayan aiki, sai an haska irin wannan jinin da na'ura kafin a ba da shi. Mafita mai sauƙi ita ce dangi su bayar a ajiye a bankin jini, majinyaci a ba shi na wani da ya dace da shi.

Abin da gwaji ke gani, da abin da ke kuɓuce masa

Cututtuka huɗu ne wajibi a gwada a kowace leda: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Matsalar ita ce akwai tazara tsakanin ranar da ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum da ranar da gwaji zai fara ganinta. A cikin wannan tazarar mutum lafiyarsa lau a ido, gwaji ya ce babu komai, jininsa kuwa yana ɗauke da cuta. Gwajin da ke neman garkuwar da jiki ya haɗa kan ƙanjamau yakan fara gani bayan kimanin mako uku. Wanda ke neman garkuwar tare da wani ɓangare na ƙwayar cutar yana rage tazarar zuwa mako biyu da 'yan kwanaki. Ciwon hanta C ya fi muni: garkuwarsa kan ɗauki wata biyu ko fiye kafin ta bayyana. Na B kuwa mako biyar zuwa shida, sannan akwai wani nau'in ɓoyayye da alamar da ake nema ba ta fitowa a jini ko kaɗan alhali ƙwayar tana nan.

Gwajin NAT, wanda ke neman ƙwayar halittar cutar kanta, shi ya taƙaita wannan tazara: ƙanjamau ya koma kamar mako guda zuwa kwana goma, ciwon hanta C ƙasa da mako guda. Afirka ta Kudu ta fara yi wa kowace leda wannan gwajin tun 2005. Yana da tsada, yana son wuta marar yankewa da ƙwararru. Amma a lura, ko shi bai mayar da tazarar sifili ba. Shi ya sa tambayoyin da ake yi wa mai bayarwa ba ɓata lokaci ba ne. Su kaɗai ne ke tare wanda ya kamu da cuta jiya.

A ƙananan asibitoci da yawa, abin da ake kira "an gwada" ɗan tsinken gwajin nan-take ne. Yana da amfani a gaggawa, amma bai kai ELISA, gwajin na'ura da ake yi a manyan lab, gani ba, kuma yana lalacewa cikin shiru. Yawancinsu an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30. Kwalin da ya kwana a sito mai rufin kwano a Sakkwato ko Zinder cikin watan Afrilu ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Idan aka karanta sakamako kafin mintunan da kamfani ya ƙayyade su cika, layin da ke zuwa a hankali ba zai fito ba, a ce babu cuta. Idan aka ɗiga ruwan gwajin wani kamfani a tsinken wani, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Idan layin tabbatarwa, wanda ke nuna tsinken ya yi aiki, bai fito ba, gwajin bai yi ba, ba "babu cuta" ba ne.

Maleriya kuwa ba ta cikin huɗun nan, kuma a yankinmu babba na iya yawo da ita a jini ba tare da zazzaɓi ba. Ƙwayarta na rayuwa a cikin leda a firji har makonni. A ƙi duk mai ɗauke da ita? Sai bankin jini ya wayi gari babu kowa. Wannan ya sa binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, aka buga a mujallar Lancet a 2016, ya ja hankali. An zuba sinadarin ribofilabin, wato bitamin B2, a ledar jini, aka haska ta da hasken UV domin lalata ƙwayoyin cutar da ke ciki. Cikin waɗanda aka ƙara wa jini mai ɗauke da maleriya, kashi 22 cikin ɗari sun kamu idan ba a yi wa ledar komai ba, kashi 4 idan an yi mata. Mutanen da aka yi lissafin a kansu ba su da yawa, kuma kuɗin na'urar bai bari ta bazu ba tukuna. Abin yi a yanzu: duk wanda ya yi zazzaɓi cikin kwanaki ko makonni bayan ƙarin jini, musamman jariri, mai ciki ko mai sikila, a gwada shi maleriya ba tare da jinkiri ba.

Daga allura zuwa firji

Bakteriya ba ta jiran tazarar gwaji. Daga fatar mai bayarwa take shiga. Shi ya sa ake goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta na daƙiƙa 30, a bari ya bushe daƙiƙa 30, kuma kada a sake taɓa jijiyar da yatsa. Ledoji na zamani suna da 'yar ƙaramar jaka a gefe da ke karɓe mililita 20 zuwa 30 na farko, inda ɗan guntun fatar da allura ta huda ke faɗawa. Cikin ledar akwai mililita 63 na ruwan hana daskarewa, wanda aka auna domin mililita 450 na jini. A cika ta fiye da kima, jinin ya yi gudaji; a bar ta rabi, ruwan ya fi ƙarfin jinin. Domin haka ake ɗora ledar kan sikeli, ana jujjuya ta a hankali har ta cika.

Jini cikakke yana kwana 35 a firji tsakanin digiri 2 da 6. Jajayen ƙwayoyin da aka tace aka zuba musu ruwan ƙari suna kai kwana 42. Ƙwayoyin daskarar da jini ba sa shiga firji: digiri 20 zuwa 24, a kan na'urar da ke girgiza su, kwana 5 kacal, kuma wannan ɗumin ne ya sa su suka fi saurin ɗaukar bakteriya. Ruwan jini ana daskarar da shi, ya shekara. Firjin gida bai dace da ajiyar jini ba: kusa da bangon baya yana iya ƙanƙarewa, bakin ƙofa kuma yana ɗumama duk lokacin da aka buɗe. Jajayen ƙwayoyin da suka ƙanƙare fashewa suke yi. Haka idan aka ɗauko leda a kula aka manna ta da ƙanƙara. Idan aka ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, kuma babu takardar da ke nuna awa nawa firjin ya yi da zafi, babu mai iya rantsuwa kan ledojin da ke ciki.

Sai al'adar tsoma leda a kwanon ruwan zafi wai kada jinin ya shiga jiki da sanyi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido: zafin na farfasa ƙwayoyin, kuma jinin da ya fashe yana iya tsayar da ƙoda. Leda ɗaya ko biyu da za a ƙara a hankali ba ta buƙatar ɗumamawa. Kafin a rataya, a ɗaga ta a haske: idan ta yi duhu kamar shuni, ko akwai gudaji, kumfa, yoyo, ko ruwan saman ya yi ja, a mayar da ita.

Bakin gado

Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, amma har yau ana mutuwa saboda an ba mai O jinin A, kuma galibi ba lab ce ta kasa gane rukunin ba. Tsarin SHOT da Birtaniya ta kafa a 1996 domin tattara rahoton matsalolin ƙarin jini yana nuna, shekara bayan shekara, cewa mafi yawan rahotannin kuskuren ɗan Adam ne. An ɗebi samfurin jinin mutum biyu, aka tafi tebur kafin a rubuta suna. An ɗauko ledar wani aka rataya wa wani. A wurinmu haɗarin ya ninka, domin a ɗakin haihuwa ɗaya ana iya samun mata uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ka'idar ita ce a rubuta suna da lambar asibiti a jikin kwalbar samfur nan take a gaban majinyaci. Lokacin rataya kuma ma'aikata biyu su tsaya a bakin gadon, a tambayi majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, kada a ce masa "kai ne wane?", domin mai jin jiki komai aka ce zai gyaɗa kai. Sannan a haɗa lambar leda, rukunin jini, ranar lalacewa da takardar lab.

A fara ƙarawa cikin minti 30 da fitowar ledar daga firji, a gama cikin awa 4. Ana amfani da robar ƙarin jini mai matata, ba ta ƙarin ruwa ba. Ruwan gishiri kaɗai ke iya bin layi ɗaya da jini. Ruwan suga na lalata ƙwayoyin, ruwan ƙarin da ake kira Ringer kuma na sa gudaji saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa. Kada a zuba magani a leda. Minti 15 na farko su ne komai: a tafiyar da shi a hankali, nas na tsaye, domin cokali ɗaya ko biyu na jinin da bai dace ba ya isa ya tayar da bala'i. Rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon baya wajen ƙoda, ƙuncin ƙirji, fitsari ja ko baƙi, faɗuwar hawan jini: a rufe jinin nan take, a bar allurar a jijiya da sabon layin ruwan gishiri, a kira likita, a sake duba suna, a mayar da ledar lab tare da sabon samfur. Ɗan uwan da ke jinya ya san wannan, kuma kada ya taɓa maɓallin roba wai domin a gama da wuri. Saurin ƙarawa kansa kisa yake yi: ruwa ya cika huhun tsoho, ko mai ciwon zuciya, ko yaro mai tamowa. A rahotannin Birtaniya na shekarun nan, wannan cikar ruwan na sahun gaba cikin abubuwan da ke kisa bayan ƙarin jini.

Ledar da ba a buƙata ba

Binciken da ya fi amfanar yankinmu ba na sababbin na'urori ba ne. Gaskiya ne a 2022 masana a Birtaniya sun fara ƙara wa mutane jajayen ƙwayoyin da aka samar a lab, amma mililita 5 zuwa 10 ne. Mai jegon da ke zubar da jini a daren yau ba ta da rabo a ciki. Abin da ya shafe ta shi ne binciken WOMAN na 2017, kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya: giram 1 na allurar tranexamic acid, idan aka yi ta cikin awa 3 da haihuwa, ta rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa ukun amfaninta ya tafi. Sai E-MOTIVE na 2023, a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Dabarar: a shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin, a daina ƙiyasi da ido. Da ya kai mililita 500, a yi komai lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, allurar tsuke ta, tranexamic acid, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin ɗari.

A kan yara, binciken TRACT da aka yi a Uganda da Malawi, aka buga a 2019, ya zo da abin da ba a zata ba. Yaron da jininsa ke tsakanin giram 4 da 6 kuma babu alamun haɗari, ba a ga bambancin mutuwa ba tsakanin ƙara masa nan take da sa masa ido ana aunawa, ko da yake kusan rabin waɗanda aka sa wa idon sun buƙaci jinin daga baya. Ma'ana, jira ba shakulatin ɓangaro ba ne. Sai inda za a iya sake aunawa. Sannan mililita 30 kan kowane kilo ya fi 20 ceton rai ga yaron da ba shi da zazzaɓi, amma ga mai zazzaɓi ya ƙara mutuwa. Ga manya, tun wani bincike na Kanada a 1999 aka koma jira sai jini ya sauka ƙasa da giram 7 a yawancin majinyata. Wanda ya samu bugun zuciya shi ne ake ware wa: binciken MINT na 2023 ya karkata ga cewa ƙara masa da wuri ya fi, duk da bambancin bai kai na yanke hukunci ba.

Masu sikila su suka fi kowa shan ƙarin jini, kuma Najeriya na haifar kimanin jarirai 150,000 masu cutar duk shekara. Tun 1998 aka san cewa ƙarin jini duk wata na rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 90 cikin ɗari ga yaran da hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗari. Amma ina ledojin? Ga tarin sinadarin ƙarfe da ke lalata hanta da zuciya. Binciken SPRING da aka yi a Kano da Kaduna, ciki har da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ya gwada maganin hydroxyurea a madadin jinin: miligiram 10 ko 20 kan kowane kilo a kullum. Shanyewar ɓarin jiki ta yi ƙasa sosai a rukunonin biyu idan aka kwatanta da abin da aka sani game da yaran da ba a ba komai ba, kuma masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Duk da haka mai sikila zai buƙaci jini wata rana, kuma nasa ya wuce daidaita rukunin A, B, O da alamar Rh (positive ko negative). Kowace leda na iya sa jikinsa ya haɗa sabuwar garkuwa, musamman kan alamomin C, E da K. Garkuwar kan ɓace daga gwaji bayan watanni, sai a ƙara masa jini mai irin alamar, kwana biyar zuwa goma ciwo ya taso, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jinin ya faɗi ƙasa da inda yake kafin a ƙara. Sau da yawa ana ɗauka ciwon sikilar ne ya motsa, a sake rataya wata ledar, abin ya ƙara dagulewa. Domin haka jinin da za a ba shi ya kasance babu sikila a cikinsa, a daidaita waɗannan alamomin inda lab ke iyawa, kuma ya riƙe kati ko ɗan littafi da aka rubuta ranar kowane ƙarin jini, asibitin da aka yi, da duk garkuwar da aka taɓa gani a jininsa, ya nuna shi kafin a ɗebi samfur a kowane sabon asibiti.